Bindigar Lajidan ta ƙi magana

Shekarar 1994 ba ta zo wa ma'aikacin gwamnati da sauƙi ba. Ranar 12 ga Janairu aka wayi gari an karya darajar sefa: faran guda na Faransa da ake canzawa a sefa 50 ya koma 100, kuma kafin wata ya mutu shinkafa da magani da kayan gyaran mota duk sun bi sawu. Albashi kuwa dama ya daɗe da barin zuwa a kan kari. A biya wata guda, a bar biyu a baya. Duk wanda ya yi aikin biro a wancan lokaci ya san yadda ake fita da safe da riga mai guga da aljihu fayau.

A Damagaram akwai wani mai riƙe da littafin kuɗi a wani biro, wanda kowa ke kira Kontabul har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa. Mata biyu, ƴaƴa tara, ga tsohuwa a ɗaki. Sai ya yi abin da takwarorinsa da dama suka yi, ya sa ƙafa guda a fatauci. Yakan haɗa kuɗi da wani amininsa na kasuwar Dole su sayi gero, a ɗora wa kamiyo zuwa Agadas, a komo da dabino da gishiri. Tafiyar kusan kilomita 450 ce, ta Tanut da Adarbisanat, kuma a lokacin wutar tawaye na ci a arewa. Motoci kan jira su taru, a tafi ayari da rakiyar soja. Wanda ya gaji da jira ya yi gaba shi kaɗai, to, ya san abin da ya saya wa kansa, domin ban da masu tawaye akwai ƴan fashi da suka sami inuwar fakewa. Da aka tare wani direban unguwarsu aka raba shi da kuɗin lodi har da takalma, Kontabul ya kwana bai runtsa ba. Da asuba ya jawo akwatin ƙarfe na mahaifinsa daga ƙarƙashin gado.

Mahaifin nan tsohon sojan Faransa ne. An ɗauke shi lokacin yaƙin Hitila, ya yi Indoshin, ya komo gida da muƙamin lajidan, kuma da wannan suna aka san shi har ya bar duniya a shekarar yunwa ta 1984. Fanshonsa na daga cikin waɗanda dokar Faransa ta watan Disamba 1959 ta daskarar, ya tsufa yana karɓar abin da ba ya kai na takwaransa Bafaranshe ko kusa. Abin da ya bari bai fi a ƙirga da yatsu ba: gida, lambobin yabo uku, takardar soja da ta ci ninki har ta fara rabuwa, da ƙaramar bindiga cikin kubenta na fata. A gida ana cewa wani kapitan ne ya ba shi ita ranar rabuwa.

Bindigar irin wadda Faransawa ke kira samfurin 1892 ce, ƙirar masana'antar makamai ta gwamnati da ke Saint-Étienne. An zana sunan garin a gefenta, an buga shekarar ƙira a jikin bututun. Mutane na ce mata Lebel, ko da yake Kolonel Lebel, wanda aka raɗa wa doguwar bindigar 1886 sunansa, ba shi ya ƙera ta ba. Ƴar ganga gare ta mai ɗaki shida, kowane ɗaki na ɗaukar harsashi guda mai kaurin milimita 8. Don hafsoshi aka yi ta. Ta ga yaƙin 1914, ta ga na 1939, kuma ko da yake an daina ƙera ta tun cikin shekarun 1920, ta ci gaba da yawo a ƙugun jandarmomi da sojojin ƙasashen mallaka shekaru da yawa bayan nan. Tana da wata ɗabi'a da ta bambanta ta da yawancin ƴan uwanta: in za a ɗura mata harsashi, gangarta dama take faɗowa, ba hagu ba. Ana cewa don mahayan doki aka yi haka, masu takobi a hannun dama.

Ciwo na farko da Kontabul ya tarar mai sauƙi ne. Ganga ba ta juyawa, kunama ta ƙage kamar an zuba mata ƙaro. Ya kwance bis guda, sai murfin gefen hagu ya buɗe kamar ƙyaure, duk kayan cikin suka bayyana a jere. A nan ne abin ya shiga ransa, domin maƙeran Saint-Étienne sun buga wa ƙarafan ciki lambobi bi da bi, yadda soja zai kwance su ya mayar ba tare da ya ruɗe ba. Mutumin da ya yi shekara 20 yana bin lamba a layi ya ji kamar an miƙa masa littafin da ya iya karantawa. Tsohon maiƙo ne ya daskare da ƙurar hunturu goma, ya zama kamar danƙo. Ya wanke da kananzir, ya goge, ya ɗiga man keken ɗinkin uwargida, ya mayar da kowane ƙarfe mazauninsa. Ya ja kunama: guduma ta tashi, ganga ta juya, ƙas, ta faɗi. Da ya gamu da wuya tun a nan, wataƙila da ya nemi wanda ya sani. Sauƙin nan shi ya cuce shi, don tun daga ranar ya ɗauki kansa masanin bindiga.

A gindin akwatin akwai gwangwanin taba da harsasai 11 a ciki, tagullarsu ta yi kore. Ranar wata Lahadi ya hau babur ya tafi gonarsa ta hanyar Mirya, ya sami wani suri, ya ja da baya taki goma. Ya ja kunama sau shida, sau shida yana jin ƙas, ba wuta ba hayaƙi. Nan take ya buɗe ganga ya zazzage su a tafin hannu yana juyawa. Wannan ma ganganci ne da bai san ya yi ba: tsohon harsashi yakan yi nawa, a sare shi ya yi shiru, sai bayan ɗan lokaci ya tashi, shi ya sa masu sanin abin ke barin bakin bindiga a ƙasa su jira kafin su buɗe. Allah ya rufa asiri, ba wanda ya farka.

Ya yanke hukunci a wurin: harsasai sun mutu. Kuma hukuncin ba na wauta ba ne. Abin da ya yi shekara 40 yana shan zafin bazara da raɓar damina cikin gwangwani, ba abin mamaki ba ne in ya lalace. Sai dai ma'aikacin lissafi ya fi kowa sanin bambancin adadin da ya yi kama da gaskiya da adadin da aka bincika. Da ya dubi gindin harsasan da kyau, da ya ga abin da wani tsoho zai nuna masa bayan mako uku. Bai duba ba.

Sabbi kuwa babu su. Irin wannan harsashi ya daɗe da fita daga hannun soja. Wani kamfanin Italiya, Fiocchi, ya ci gaba da yin sa don masu tara tsofaffin makamai a Turai, amma wa zai kawo shi Damagaram? Sai aka yi masa kwatancen wani mutum a bayan gari da ke sake cika wa mafarauta kwanson bindigar tsuntsu. Mutumin ya karɓi kwanso shida da jikka biyu, ya ce a komo jibi.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin ɗan abin nan da bai kai ɗan yatsa ba. Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, ƴar cibiya a gindinsa wadda ke ba da tartsatsi in an sare ta, albarushi a ciki, da dalma a baki. Kowanne da ma'auninsa, kuma ma'aunin albarushin ƙaramar bindiga bai kai nauyin giram guda ba. In ya gaza, dalma ba ta samun ƙarfin fita. In ya zarce, ƙarfe ne ke biya, sa'an nan hannu. Ga shi kuma albarushi ba iri ɗaya ba ne. Akwai baƙi na kakanni mai hayaƙi, akwai marar hayaƙi wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi a 1884, kuma mudun da ya yi wa wancan daidai, in aka auna wannan da shi, bindiga ta tashi daga aiki. A Turai masu wannan sha'awa da sikeli suke yi, da littafin awo, da iznin hukuma. Mutumin bayan gari da ido yake yi, da hannun da ya saba da kwanso mai faɗin babban yatsa. Bai yi niyyar cuta ba. Ya karɓi aikin da bai sani ba ne don jikka biyu, a shekarar da jikka biyu ke ciyar da gida kwana da kwanaki.

Lahadi ta biyu, suri na nan inda yake. Ja na farko, ƙas. Na biyu, ƙas. Na uku sai wani ɗan sauti, fus, kamar an ƙyasta ashana mai laima. Hannu bai girgiza ba, ƙura ba ta tashi a jikin surin ba, ɗan hayaƙi kawai ya fito ta gefen ganga. Kontabul ya yi murna, ya ce ta fara farkawa. Ya ƙara ja. Ƙas. Ya ƙara, ya ƙara. Ya hau babur yana zagin mutumin bayan gari a zuci, yana lissafin jikkarsa biyu.

Amininsa na kasuwar Dole shi ya ce masa ya bar wahalar da kansa, ya je Birni wurin wani tsohon maƙeri. Maƙeran Damagaram ba baƙin bindiga ba ne. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ana zuba igwa ana haɗa albarushi a garin, kuma tsohon yana cewa kakansa na cikin masu hura zugazugin wannan aiki. Shi kansa da ƙuruciya ya yi shekaru yana yi wa bature mai gyaran makamai na bariki hidima, yana share benci yana kallo. A 1994 gyaran garma da kwado da ƙafar keken ɗinki yake yi, ido ya raunana, hannu bai raunana ba.

Kontabul ya gaishe shi, ya zauna a kan turmi, ya warware ƙyalle. «Baba, ba ta tashi. Na wanke ta, na sake harsashi, duk a banza. Ina jin rasor ne ya saki.»

Tsoho bai amsa ba. Ya karɓa bakinta na duban ƙasa, ya faɗo da ganga, ya zazzage abin da ke ciki a kan buzu, ya ƙirga. Biyar da dalmarsu, guda fanko. Ya ɗaga kai. «Wannan da ya tashi, ina dalmarsa ta tafi?» Kontabul ya ce cikin suri mana. Tsoho ya zaro tsinken tsintsiya ya zura ta bakin bututu. Tsinken ya shiga kamar tsawon ɗan yatsa ya tsaya cak. Ya ɗaga bindigar wajen hasken ƙofa ya ce, «Leƙa, ɗan nan.» Duhu ne kawai a ciki.

«Bayan wannan sau nawa ka ja?»

«Uku.»

Tsoho ya daɗe yana dubansa. Dalmar ba ta sami ƙarfin fita ba, ta maƙale a tsakiyar bututu ta toshe shi. Da ɗaya daga cikin ukun nan ya tashi da cikakken ƙarfi, da dalma ta biyu ta tarar da ta farko a hanya, kuma iskar da ba ta da mafita takan nemi tata ƙofa: ta kumbura bututu ko ta tsaga shi, kusa da yatsu, kusa da ido. Kontabul ya dubi hannunsa na dama, wanda da shi yake cin abinci ta kowace fuska. Gumi ya keto masa duk da sanyin zauren.

Abin da ya biyo baya ya fi awa guda, kuma aiki ne na natsuwa irin wanda Kontabul ya sani a wurin mai binciken littafi. Tsoho ba ya taɓa abu biyu lokaci guda. Ya sa aka kawo tsofaffin harsasai biyar da suka rage tare da waɗanda aka sara, ya jera su gindi sama. Kowane da aka sara, sabon ɗuri da tsoho, tabon da ke cibiyarsa ɗan kaɗan ne, kamar an danna da farce, kuma zurfinsu ɗaya. «Da harsashi ne mai laifi, da ka ga rami sosai a nan, wuta ce kawai ba ta zo ba. Waɗannan ba a sare su ba, an gaishe su ne.» Ya nuna masa kuma tabon bai zauna a tsakiya ba, ya ɗan karkata gefe guda. Wannan ciwo ne daban. Akwai wani ɗan yatsan ƙarfe da ke tura haƙoran ganga, da sakatar da ke kama ta in ɗaki ya zo daidai da bututu. Shekaru sun cinye bakin yatsan, ganga kan tsaya saura ƙiris ta kai. Bindiga mai irin wannan ciwo, ko ta tashi, takan aske gefen dalma ta watsa wa na kusa.

Sa'an nan ya koma kan zargin Kontabul. Ya ɗaga guduma da babban yatsa, ya saurara, ya sake ta a hankali. Rasor na nan da ƙarfinsa, har yana cizon yatsa. Maiƙo babu, tsatsa babu. To, me ya hana sara ya kai? Ya sa tabarau, ya matsa bakin ƙofa, ya juya goshin gudumar inda ɗan tsinken da ke sarar cibiya yake maƙale. Ya shafa shi da farce. Ya yi ƴar dariya wadda ba ta jin daɗi ba.

Bakin tsinken, wanda ya kamata ya zama a dunƙule kamar kan ƙwayar dawa, a shafe yake, da layukan magagari a jere. Ba karyewa ya yi ba, ba kuma cinyewa ba. Layukan sun yi duhu iri ɗaya da sauran ƙarfen, alamar aikin ya girmi yawancin ƴaƴan Kontabul nesa ba kusa ba. «Wanda ya yi wannan ya san bindiga,» in ji tsoho. «Ya ci daidai abin da zai hana ta magana, bai ƙara ba. In ka gan ta a kube, ko ka ja ta fanko, ba ka cewa komai ya same ta.» Guda ɗayan da ya tashi kuwa, cibiyarsa ce mutumin bayan gari bai zaunar da ita sosai ba, ta ɗan turo waje, guntun tsinke ya same ta.

Ya ce sabon tsinke ba wuya, kafin la'asar an gama. Yatsan ganga ma ana iya lallaɓawa, ko da yake ba zai rantse a kansa ba. Harsashin kirki ne ba shi da shi, kuma ba zai sa hannunsa a na bayan gari ba. Kontabul ya ce zai yi shawara. Ya naɗe ƙyallensa, dalma na nan a bututu.

Da dare, bayan an kwashe kwanuka, ya shiga ɗakin tsohuwa ya zauna bakin ƙofa. Shi ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma cika dubansa ido da ido ba. Ya ce, «Inna, bindigar Baba, wa ya taɓa ta da magagari?» Ta ci gaba da jan carbi har ya zaci ba ta ji ba. Can ta ce, wa fa, in ba mai ita ba.

Shekara guda ke nan da komowarsa daga Indoshin, in ji ta. A lokacin da ita yake kwana, ɗure, ƙarƙashin matashi, don barcinsa ba barci ba ne, yakan zabura cikin dare yana kiran sunayen mutanen da ba wanda ya sani a gidan. Wata rana da hantsi ya fita alwala ya manta. Tana zaune a tsakar gida tana ba jaririya nono, sai ta ɗaga kai ta ga wani yaro ɗan shekara biyar tsaye gabanta, ya riƙe abin da hannu biyu, ya auna ta, yana dariya, yana ta fama da kunama da yatsu biyu. Nauyin kunamar ne ya fi ƙarfinsa. Uban ya shigo da buta a hannu. Bai yi tsawa ba, bai daki yaron ba, ya zo ta baya ya zare ta kamar mai ɗauke wa yaro wuƙa. Daren nan ta ji ƙarar magagari a zaure har kusan asuba, ko da yake aikin bai fi na ɗan lokaci ba. Ta ce tana jin zama kawai ya yi a wurin. Ta ce masa ya jefa ta rijiya. Ya ce a'a, ranar faretin tsofaffin soja da me zai fita?

«Wani yaro,» haka ta faɗa, har ta gama ba ta ce wane ba. Jaririyar ita ce ƙanwarsa da ke aure a Tasawa. Kontabul ya nemi abin a cikin kansa, ko inuwarsa, bai samu ba. Abin da yake tunawa shi ne mahaifinsa tsaye a fili cikin kakin da ya koɗe, lambobi a ƙirji, hannu a kan kube, yara na nuna shi.

Bai koma Birni ba. Ya ci gaba da bin ayari, yana kwana biyu uku a Tanut yana jiran rakiya, gero na cin kuɗin dako. Sau ɗaya, da haƙuri ya ƙare musu suka yi gaba da mota biyu, aka tare su bayan Adarbisanat, aka kwantar da su a rairayi, aka karɓe masa jikka 60 da agogo. Amininsa ya daɗe yana cewa da ya bari an gyara abin nan da ba haka ba. Direban kuwa cewa ya yi da an laluba an same ta a jikinsa, da a wurin aka bar su duka. Sun yi ta wannan gardama a rumfar kasuwa har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, kuma ba wanda ya ja da baya a cikinsu.

Tun ƙarshen 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, kuma ta Lajidan ba ta taɓa samun takarda ba. Bayan an ƙone makamai a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000, Kontabul ya naɗe ta a ƙyallen nan ya kai ta inda ake karɓa. Ya gaya wa matashin da ke rubutu cewa akwai dalma a bututu, kada kowa ya gwada ta. Matashin ya leƙa, ya ɗaura mata ƴar takarda a zoben gindi, ya rubuta rasit. Kontabul ya karanta lambar bindigar a kan rasit, ya gwada da wadda ke jikin ƙarfe, ya tarar an juya lamba biyu, ya sa aka gyara. Kuben fata bai ba da shi ba. Tsohuwa ta karɓe shi, a ciki take aje almakashi da allurai.